Laccar Da Aka Yi Wa Matasa Masu Koyon Walda: Injin Inbata Da Abin Da Ke Ɓata Aiki

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu sana'a, da ku yara da kuke koyo, maganar da zan yi yau a kan ƙaramin injin nan ne na inbata wanda kowa ya koma kansa, saboda ka rataya shi a kafaɗa ka hau babur ka tafi aiki, ba kamar tsohuwar tiransifoma ba da sai ƙarti biyu sun kama.

Abu na farko, don Allah ku daina sayen inji da lambar da aka rubuta a jikinsa. Kwanaki wani yarona ya shigo min da inji yana ta murna, an rubuta amp 400 da manyan baƙaƙe, nauyinsa bai kai kilo huɗu ba, fulogin kuma na amp 13 ne irin na dutsen guga. Na ce masa yaro zauna mu yi lissafi. Wutar gida bolt 230 ce, ka ninka da 13, kusan wat 3000 kenan, alhali walda a amp 200 kaɗai tana cin sama da wat 5000 a bakin sanda. To 400 ɗin daga ina za ta fito? Wallahi na ji masa zafi, kuɗin adashinsa ne.

Abin da za ku duba shi ne farantin nan na bayan inji ko ƙasansa. Akwai wajen da aka sa kashi cikin ɗari, misali 60% a gefen amp kaza, ma'anarsa a cikin minti goma injin zai yi minti shida yana aiki a wannan wutar sannan ya huta huɗu. Ga mai ƙofa da taga da get, inji mai amp 160 zuwa 200 na gaskiya ya wadatar, tunda sandar geji 12 (geji shi ne ma'aunin kaurin sanda) tana tafiya a amp 60 zuwa 90, geji 10 kuma 90 zuwa 130. Ku kuma feɗe wayar waldar ku gani, wata alminiyon ce aka yi wa rufin tagulla, tana zafi tana cinye wutar tun a hanya.

Yanzu maganar aiki in ya ɓaci. Sanda tana manne wa ƙarfe, nan da nan sai a ce inji ne, to kafin ka zagi inji je ka duba at ɗinka, wato maƙalin wayar da ake kamawa a jikin ƙarfen da ake wa aiki, yawanci za ka samu an maƙala shi a kan tsatsa ko fenti ko kuma an ɗaura shi da guntun rodi can nesa, goge wajen da giranda ka kama ƙarfe mai haske kusa da inda kake aiki, in har yanzu tana mannewa sai ka ƙara wuta kaɗan kaɗan. In ka buge ɓawon da ke kan waldar ka ga ƙananan ramuka kamar kan allura, ko sandarka ta sha danshi, musamman da damina da ake barin kwali a ƙasan shago, ko akwai mai da datti a ƙarfen, ko ka ɗaga hannu da yawa. Sanda mai lamba 7018 ita ce ta fi ƙin danshi, mai lamba 6013 tana da haƙuri. Tazarar sanda da ƙarfe kar ta wuce kaurin sandar kanta. In kuma gefen walda ya zaizaye ya yi kwari, tartsatsi ko'ina, wuta ta yi yawa ko kana sauri.

Wani ya tambaya ko janareta zai ɗauki wannan injin. E zai ɗauka, amma mai AVR, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, kuma kamar kVA 7 zuwa sama, don cikin inbata fanel ne mai ƙananan kayan lantarki, wuta na hawa da sauka sai ya ƙone. Ƙura ma haka, da hunturu a cire fulogi, a jira ya huce, a hure shi da iska duk sati, kuma kar a yi giranda tartsatsin yana shiga fankarsa.