Darasi: yadda ake ba jeri mai ɗigo tazara a Markdown

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau maganar jeri mai ɗigo-ɗigo za mu yi a Markdown, wato hanyar tsara rubutu da 'yan alamomi masu sauƙi, irin wanda ake sawa a README, wato fayil ɗin da ke bayanin aiki a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, ko takardar bayanin manhaja, don wallahi abin yana damuna, mutum ya sha wahala ya gina abu mai kyau amma bayanin a cunkushe, mai karatu a waya ya rasa ina wannan ya ƙare ina wancan ya fara.

To ku dubi allo. Ga ɗigo huɗu na jera, ba layin da na bari fanko a tsakaninsu, kun ga sun fito a matse. In kowanne kalma biyu ne ko uku, misali sunayen abubuwan da za a sauke kafin a fara aiki, hakan ma ya fi, ido zai kwashe su lokaci guda. Amma da zarar ɗigo ɗaya ya kai layi biyu ko uku, ko akwai umarnin da mutum zai kwafa a ƙarƙashinsa, to a nan fa sai an buɗa.

Yanzu ku lura da kyau, nan ne wajen. Na bar layi fanko tsakanin na biyu da na uku kawai, amma kun gani ai, gaba ɗaya jerin ya buɗe har na farko. Ba matsalar kwamfutarku ba ce, ƙa'idar CommonMark ce, wadda aka fito da ita a 2014 don daidaita Markdown ɗin da John Gruber ya ƙirƙiro a 2004, kuma a kanta GitHub ya ɗora nasa. Layi fanko guda ɗaya ya isa ya mayar da kowane ɗigo sakin layi mai zaman kansa. Saboda haka ko dai ku bar fankon a ko'ina ko kar ku bari sam.

Masu amfani da MkDocs kuma, wato manhajar da ke mayar da rubutun Markdown shafin bayani na intanet, don Allah ku bar layi fanko kafin ɗigon farko, in ba haka ba jerin zai narke cikin jimlar da ke samansa, sannan ƙaramin jeri na ciki sai kun tura shi da sifes huɗu, biyu ba za su yi ba.

In matakai ne da dole a bi ɗaya bayan ɗaya, lamba za ku sa ba ɗigo ba. Bari in buɗe shi a waya ku ga yadda dogayen ɗigon nan ke karyewa.