Lacca: ƙarancin nutrofil a yara ƙanana, da waɗanda nasu na nan amma ba sa aiki

Toh jama'a, a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai nau'in da ake kira nutrofil, ɓargo ne ke yin su, kuma su ke fara isa duk inda bakteriya ta shiga jiki. Mugunyar da kuke gani a maruru ma yawancinta gawarsu ce. In aka auna aka ga ƙasa da 1,500 a maikrolita ɗaya (ɗan mitsitsin ɗigo) na jini sai a ce sun yi kaɗan, ƙasa da 500 kuwa nan hankalin likita ke tashi. Amma sai an fi wata 3 ana gwaji ana ganin haka kafin a ce abin ya daɗe, don ko mura kan sauke su na ɗan lokaci.

Ni dai kullum ina cewa a duba yaron kafin a duba takarda. Da yawa cikin 'yan asalin Afirka lambarsu dama a ƙasa take, gado ne kawai, lafiyarsu ƙalau. Sannan wanda aka fi gani a jarirai shi ne garkuwar jikin yaron da kanta ke cinye nutrofil ɗinsa, yakan fara kafin shekara 2, kuma galibi yana tafiya da kansa kafin yaro ya kai shekara 4 ko 5.

Mai nauyin shi ne wanda ake haihuwar yaro da shi, wanda likita Kostmann ya bayyana a Suwidin a 1956, tun watannin farko za ka ga cibiya ta ruɓe, ciwon huhu, dasashi ya kumbura, baki duk gyambo yaro ya kasa kama nono. Allurar G-CSF, mai sa ɓargo ya ƙara yin nutrofil, ta canza musu rayuwa sosai, amma dole a riƙa duba ɓargo don wasunsu kan kamu da sankarar jini. Akwai kuma mai zagayowa duk kwana 21 ko kusa da haka, zazzaɓi da gyambon baki na 'yan kwanaki, ya tafi, ya dawo, shi ya sa nake ce wa iyaye su riƙa rubuta ranakun.

Sai waɗanda lambarsu daidai take amma aikin ne babu. A cutar CGD, wata cutar gado wadda ta fi kama maza, nutrofil na haɗiye ƙwayar cuta amma ya kasa kashe ta, sai marurai har a hanta, ko allurar BCG ta rigakafin tarin fuka ta zama matsala. A cutar LAD kuwa, ita ma ta gado ce, nutrofil sun ma yi yawa a jini, fita daga jijiya zuwa wurin ciwon ne ba sa iyawa, sai ka ga jariri ya yi wata guda cibiya ba ta faɗi ba, wurin ya yi ja amma ko ɗigon mugunya babu. Irin waɗannan wasu sai dashen ɓargo.

Duk yaron da aka tabbatar nasa mai tsanani ne, zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kar a ba shi farasitamol a ce sai da safe. Kuma ba a sa masa maganin matsi ko ma'aunin zafi ta dubura.