Amsoshin Tambayoyinku: Idan Jirgin Ruwa Ya Yada Zango, Har Ina Fasinja Zai Iya Zuwa?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Zazzau. Tun makon jiya da muka taɓo zancen jiragen ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, wasiƙu da saƙonni suka yi ta shigowa, ga su nan jibge a gabana. Minti 20 kacal gare mu kafin labarai, don haka wanda ya ji an amsa masa a gajarce ya yi haƙuri. Tare da ni akwai baƙonmu, wanda ya daɗe yana shirya wa mutane tafiyar Umara, kuma shi kansa ya shiga irin wannan jirgi. Alhaji, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani ɗalibi ne a Kongo, yana tambaya wai jirgin ba ya tsayawa sai ranar dawowa? Yana tsayawa, ɗana. Otal ne da ke tafiya a kan ruwa: da dare ya yi tafiya, da safe ya tsaya a wata tasha, a sauka a yi yawo, da yamma a dawo. Sai wata baiwar Allah daga Gyallesu, ita abinci da salla ne damuwarta.

Baƙo: Jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disambar 2024, abincinsa halal ne, babu giya, kuma akwai wurin salla. Sauran jirage kuwa a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Mai gabatarwa: Hukuncin kasaru da fuskantar alƙibla a kan teku kuma, Malama, ki aika wa shirin malamai, su ne masu wannan fagen. To, yanzu ga wadda ta fi yawa. Wasiƙa bakwai na ƙirga a kan magana ɗaya, daga Samaru, da Ƙofar Doka, da Hanwa, amma bari in karanta ta wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari. Ya ce: "Na ga kuɗin da kamfanin jirgi ke karɓa don kai mutane Fetra daga tashar Akaba ya yi yawa. Ni ɗan kasuwa ne, na iya ciniki. Me zai hana in sauka in ɗauki shatar tasi da kaina?" Alhaji, ga ɗan'uwanka a ciniki.

Baƙo: To ai Malam, Fetra wuri ne da gani ya kori ji. Tsohon birni ne a ƙasar Jodan, can ma tashar Akaba take. Wasu Larabawa ne da ake kira Nabatawa suka sassaƙa birnin a jikin jajayen duwatsu, sama da shekara 2,000 ke nan. Kafin ka isa sai ka bi wani siririn lungu tsakanin duwatsu biyu, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, ka ɗaga kai sama kaɗan kake gani. Kana cikin tafiya kawai sai ka ga Al-Khazna ta bayyana a gabanka, gini guda da ginshiƙansa, ba tubali ba siminti, duk dutse ɗaya. Ni ranar da na gani tsayawa na yi ina ta tasbihi. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 1985 ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Su waɗannan Nabatawa fatake ne, turare suke safara...

Mai gabatarwa: Alhaji, ranka ya daɗe, ka kai mu Fetra amma ba ka dawo da mu jirgi ba. Mutumin Sabon Gari yana jira: ya ɗauki shata ko kada ya ɗauka?

Baƙo: Af, haka ne. Babu dokar da ta hana shi. Amma ga inda gizo ke saƙar. Daga Akaba zuwa Fetra kilomita kusan 125 ne, tafiyar sa'a 2 a mota. Ya fi nan zuwa Kaduna nesa. Zuwa da dawowa sa'a 4 ke nan, ban da yawon ciki. Idan da motar kamfanin jirgi ka tafi, taya ta fashe ko aka tsare hanya, jirgi zai jira ku, domin su suka ɗauke ku, kuna wuyansu. Idan kuwa da kanka ka tafi, lokaci na cika za a janye tsani, ko kana ina.

Mai gabatarwa: Ko da sun san akwai wanda bai dawo ba?

Baƙo: Sun sani sarai. Kowane fasinja yana da kati, shi ne makullin ɗakinsa, shi ake dangwalawa a na'ura in zai sauka da in ya dawo. Na gani da idona a wata tasha. Wasu samari biyu, aka yi ta kiran sunansu a lasifika har sau uku. An kwance igiyoyi, jirgi ya ɗan ja baya da bakin tasha, ratar ba ta fi faɗin titi ba, sai ga su a guje da ledojin tsaraba. Ɗaya silifas ɗinsa ya fita bai ko waiwaya ba. Muna sama muna kallonsu, suna ɗaga hannu suna kira. Daga ƙarshe ɗayan ya ajiye ledojin ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Wallahi Malam, abincin dare bai shiga mini ba ranar. Irin wannan in ta faru, wakilin jirgi na tashar ake bar wa fasfonsu in fasfon na cikin jirgi, kuɗin otal da na bin jirgi zuwa tasha ta gaba kuma daga aljihunsu.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. Me ya makarar da su haka?

Baƙo: Daga baya muka ji cewa agogo ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'a 2. Jodan lokacinta ɗaya da Saudiyya. Masar kuwa da sanyi tana bayan Saudiyya da sa'a ɗaya. Wani jirgin yakan sauya agogonsa ya bi na ƙasar da ya je, wani ba ya sauyawa. Ita kuma waya da zarar ta kama sabis ɗin ƙasar sai ta juya da kanta. A ce jirgi yana kan lokacin Saudiyya, an ce kowa ya dawo ƙarfe 5. Kai kana kasuwa a Masar wayarka ta nuna 5, alhali a jirgi 6 ta yi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, domin wannan ta shafi kowa. Mutumin Sabon Gari, da na Samaru, da na Hanwa, ku kasa kunne. Lokacin jirgi ake bi, ba lokacin waya ba. Ku ɗaura agogon hannu, ku saita shi da na jirgi kafin ku sauka. Lokacin jirgi, ba na waya ba. Sannan lokacin dawowa daban, lokacin tashi daban. Galibi akan ce kowa ya kasance a ciki rabin sa'a kafin tashi. Kuma a nan zan ɗan yi mana faɗa. Mun saba a rubuta ɗaurin aure ƙarfe 11, mu fito daga gida 11 da rabi mu ce ai za a jira waliyyi. Mun saba mota a Kwangila ba ta tashi sai ta cika. Wannan jirgi ya riga ya cika tun daga Jidda, ba kujerarka yake jira ba.

Baƙo: Ƙwarai. Kuma kullum akan kawo takardar tsarin yini ɗakinka, ko a saka a manhajar jirgin. A ciki akwai lambar wayar wakilin tasha. A ɗauki hotonta, a kuma rubuta a takarda a sa a aljihu, don caji na iya ƙarewa.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, kuma ban ɓoye ba: wuri mai nisa, a bi motar jirgi ko da ta fi tsada, arha ba ta ado. Fetra, ko Luksor ta ƙasar Masar daga tashar Safaga, wadda ta haura kilomita 200, sama da sa'a 3 a mota, kusan Kaduna zuwa Kano ke nan, ko dalar Fir'auna ta Giza daga tashar Ain Sukna, ita ma a Masar, duk waɗannan ba wuraren gwada iya ciniki ba ne. Amma cikin garin Akaba, kasuwa da bakin teku da ke kusa da tasha, mutum ya tafi abinsa, ya dawo da sauran sa'a guda a hannu.

Baƙo: In ƙara masa ɗaya tunda ɗan kasuwa ne. Dinarin Jodan ya fi dalar Amurka nauyi, dinari 10 ya kai dala 14. Direba zai ce maka "ashara", wato goma, ka ji kamar kyauta. A yanke kuɗi kafin a shiga mota, a faɗi da wane kuɗi, a faɗi zuwa da dawowa da jira, kuma kada a biya duka sai an dawo ƙofar tasha.

Mai gabatarwa: Madalla. Wata Hajiya daga Tudun Wada ta ce gwiwa na damunta, za ta iya Fetra? Hajiya, daga ƙofar shiga zuwa Al-Khazna wajen kilomita 2 ne, ga dawowa da ɗan hawa. Akwai ƙananan motocin lantarki da ake biya su kai mutum. Ki sa takalmi mai taushi, ki riƙe ruwa, kuma kada jikoki su zuga ki hawa dutse don hoto. Wani kuma daga Wusasa yana tambayar jiri da amai a kan teku: ka ga likita ko mai kemis tun a gida, kuma ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, can ne tangaɗi ya fi sauƙi. Ga wata mai nauyi daga Kwarbai: "Zan yi Umara, ina so in zarce jirgin da bizata ta Umara."

Baƙo: A nan a yi hattara sosai. Jirgin in ya je Jodan ko Masar, ka fita daga Saudiyya ke nan, dawowa Jidda kuma sabuwar shiga ce. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙone tun ranar da jirgi ya bar ruwansu. A duba abin da ke rubuce a jikin biza, a tura wa kamfanin jirgi hoton fasfon Najeriya a tambaye su ƙasa ƙasa me ake buƙata, su amsa a rubuce. Kada a tsaya kan "ejan ya ce ba matsala". Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Mai gabatarwa: A rubuce, jama'a, a rubuce. Saura minti 3, Alhaji, ga wasu ango da amarya daga Palladan, Allah ya ba da zaman lafiya. Suna so su sauka Jidda da safe su shiga jirgi da rana.

Baƙo: A'a, kada su yi. Daga Zariya sai an kama hanyar Kano ko Abuja, jirgin sama kuma yakan yi jinkiri, jaka takan maƙale. Su isa da kwana ɗaya, in da hali biyu. Ba za su yi asarar kwanan ba. In daga Makka ko Madina suke, ga jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, yana gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a, Makka zuwa Jidda ko sa'a ɗaya ba ta cika. Sai dai yana ƙayyade kaya, ba a shiga da buhunan tsaraba. A cikin Jidda kuma manhajojin kiran tasi na Uber da Careem suna aiki. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, su shiga tsohuwar Jidda, Al-Balad, wadda UNESCO ta karɓa a 2014. Dogayen gidaje ne na dutsen murjani, tagoginsu na katako sassaƙaƙƙe, ana ce musu rawashin. Akwai Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ga Kasuwar Alawi, ƙamshin turaren wuta da gahawa ko'ina. Bazazzagin da ya saba da lungunan cikin ganuwa ba zai ji baƙunta ba. Ga Bab Makka, ƙofar da mahajjata ke bi su nufi Makka, har da kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙasa suka ƙetare Bahar Maliya. Ni in na tsaya a wurin nakan tuna kakana, wanda ya yi shekaru a hanya kafin...

Mai gabatarwa: Allah ya jiƙan magabata. Alhaji, wannan labari sai mun ware masa shiri guda, ga injiniya yana nuna mini agogo ta gilashi. Amarya da ango, da dare ku leƙa bakin teku ku ga Maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana feshi sama, sannan ku kwanta da wuri, domin ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi. Mai tambaya daga Ɗanmagaji kan kuɗin intanet a cikin jirgi, da mai tambaya daga Shika kan tafiya da jariri, wasiƙunku na sama, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Alhaji, mun gode. Yanzu sai labarai.