Ruwan Zartsi Ba Ruwan Teku Ba Ne: Abin da Jatan Lande Ke Nema a Kandami

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi waɗannan kandamai biyu. An tsoma na'urar auna gishiri a kowanne, duk ta nuna 5, wato giram 5 na gishiri a kowace litar ruwa. Irin jatan lande ɗaya aka zuba, abinci ɗaya ake ba su. Amma na dama jatan lande sai girma suke yi, na hagu kuwa kullum da safe sai an kwashe matattu. To, me ya raba su?

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a lita. Farin jatan lande na tekun Fasifik, wanda shi aka fi kiwo a duniya, yana da juriya sosai, don yakan rayu ko a ruwan da gishirinsa bai wuce giram 2 ko 3 ba. Shi ya sa ake kiwonsa nesa da gaɓar teku. A Alabama ta Amurka da Haryana ta Indiya, da ruwan rijiya mai zartsi suke yi.

Sai dai juriyar ba a banza take zuwa ba. Gishirin jininsa ya yi daidai da na ruwa mai giram 25 ko kusa da haka. In ka sa shi a ruwa mai giram 5, ruwa zai riƙa kutsawa cikin jikinsa, gishirin jikin kuma yana zurarewa waje. Dole dare da rana ya yi ta tsamo sinadarai daga ruwa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Wannan aikin kuwa da sodiyam da fotashiyam, wato sinadarai biyu daga cikin gishirin da ke ruwa, yake tafiya, ɗaya ba ya yi sai da ɗayan.

A nan gizo ke saƙa. Na'urar nan yawan gishiri kawai take gaya maka, ba ta san wane iri ba ne. A teku, duk kashi 28 na sodiyam akwai kashi 1 na fotashiyam, maganiziyam kuma ya ninka kalsiyam kusan sau 3. Ruwan rijiya ba ruwansa da wannan lissafi. Abin da ya narko daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa shi yake kawowa, kuma sau da yawa kalsiyam ya yi yawa, fotashiyam da maganiziyam sun yi ƙaranci. Kandamin hagu ke nan.

Ku matso kusa ku ga wannan. Jelarsa ta lanƙwashe ta sandare, tsokar ta yi fari fat maimakon garai-garai. Wancan kuma ya saɓule tsohon ɓawonsa, sabon ya ƙi tauri, ko matsa shi ka yi da yatsa sai ya lotsa. Lokacin saɓar nan suka fi mutuwa, kuma ƴan uwansa ba sa jira, nan take za su far masa.

Lissafin gyaran ba wuya. Ka kai ruwanka ɗakin gwaji a auna kowane sinadari daban. Sannan ka ninka lambar gishirin da 10.7, ka sami miligiram nawa na fotashiyam ya kamata a samu a lita. Maganiziyam kuma da 39 ake ninkawa. Ruwa mai giram 5 ke nan yana neman fotashiyam wajen miligiram 54, maganiziyam wajen 195. Giɓin da ya rage, manoman Alabama da takin zamani mai fotash suke cike shi, da wani mai haɗe da maganiziyam. Gishirin girki kuwa kada ma a fara, sodiyam kawai zai ƙara, ya daɗa ɓata ma'aunin.

Kuma ba zubi ɗaya ake yi a huta ba. Yumɓun ƙasan kandami yana shanye fotashiyam, ruwan sama mai ƙarfi yana tsinka abin da ya saura, saboda haka awo sai a kai a kai.

Ƴaƴan da aka sayo daga wurin ƙyanƙyasa ma a ruwan teku suka tashi. Sai sun yi kwana 10 zuwa 15 bayan sun ɗauki siffar manya, gaɓoɓin numfashinsu sun yi ƙwari, sannan a fara rage musu gishiri sannu sannu, kuma da ruwan kandamin da aka riga aka gyara.