Aron fili ga maƙwabci: ka ba shi, amma kada ka yi shiru

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abubuwa huɗu nake so mu taɓa a kan mutumin da ke da fili, maƙwabcinsa ya zo ya ce a ba shi gefe ya yi shuka, ko ya ɗaure dabba, ko ya riƙa ajiye mota, ko dai ya riƙa bi ta ciki don ya rage hanya. Na farko, ka ba shi. Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Hadisin Abu Huraira yana nan a Bukhari da Muslim, cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Bango fa aka ce, balle gefen filin da ciyawa ce kawai ke cinsa. Filin da ake aiki a cikinsa ma ya fi tsaruwa a kan wanda aka bar wa macizai da juji.

Na biyu, wanda shi ne ya kawo ni nan. Abin da ke raba mutum da filinsa a irin wannan harka shi ne shiru. Bari in ba ku labarin wata shari'a da aka yi a Ingila, ana kiranta shari'ar Pye da Graham. Ku saurara da kyau, don ni duk lokacin da na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

Wani kamfani mai suna Pye yana da fili hekta 25, yana jiran ranar da za a ba shi izinin gina gidaje a kai. Maƙwabcin filin manomi ne mai suna Graham. A 1983 suka rubuta yarjejeniya: ka yi kiwo a nan zuwa ranar 31 ga Disamba. Kun ga sun yi abin da ya kamata, an rubuta, an sa wa'adi. Wa'adi ya cika, manomi ya nemi a sabunta, kamfani ya ce a'a, don yana ganin idan akwai mai kiwo a ciki zai kawo masa cikas wajen neman izinin gini. A 1984 suka sayar masa da ciyawar filin ya yanka, shi ke nan. Daga nan ya rubuta musu wasiƙa yana neman a sake ba shi, ba amsa. Ya sake rubutawa, ba amsa. Shi kuwa ya ci gaba da kiwonsa, yana zuba taki, yana gyara shinge. Ƙofar shiga filin akwai kwaɗo a jiki, makullin kuma yana hannunsa. Ku riƙe maganar makullin nan.

Shekara 12 ana haka. Dokar Ingila ta 1980 kuwa cewa ta yi idan wani ya riƙe filinka shekara 12 ba da izininka ba, kai kuma ba ka tashi ka nemi haƙƙinka ba, to ka rasa damar kai ƙara. A 2002 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta ce fili ya zama na iyalin manomin. Fili na miliyoyin fam. Kamfani ya garzaya Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2007 nan ma aka ce ba a tauye masa haƙƙi ba.

To ina abin lura? Muddin takardar nan tana aiki, ko shekara ɗari manomin ya yi a ciki, ba a lissafa masa ko kwana ɗaya, domin yana zaune ne da izini. Agogo ya fara bugawa ne ranar da izini ya ƙare aka yi shiru. Manomin nan ma bai ɓoye ba, ya ce da an nemi ya biya da ya biya. Wasiƙa ɗaya fa, jama'a. Amsa ɗaya ta layi biyu, mun yarda ka ci gaba zuwa baɗi, da fili yana nan a hannun masu shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ina maimaitawa, izinin da ke raye garkuwarka ne, wanda ya mutu aka ƙi binne shi kuwa shi ke cin fili.

Kada wani ya ce ai wannan dokar Turawa ce. Ɗaliban fiƙihu da ke nan sun san hauzi, wato riƙe abu tsawon lokaci har mai shi ya rasa damar nemansa. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce wanda ya riƙe gida shekara 10, ana danganta shi gare shi, mai shi yana nan, ya sani, bai ce uffan ba, to ba ya da sauran magana. Faransa shekara 30 ce a galibi, kuma dokarsu ta fito fili ta ce abin da aka ƙyale mutum ya yi don kara kawai ba ya zama hujjar mallaka. A Kalifoniya ta Amurka shekara 5 ce, amma sai mutum ya kasance shi ke biyan harajin filin. Ingila ma sun gyara da wata sabuwar doka ta 2002, yanzu idan fili mai rajista ne sai an sanar da mai shi tukuna. Kowace ƙasa da adadinta, don haka kowa ya tambayi lauya a inda filinsa yake. Hanyar wucewa ita ma haka take: a Ingila wanda ya shekara 20 yana bi ta filinka a fili, ba ƙarfi, ba izini, hanyar ta zama haƙƙinsa, ko ka sayar tana nan. Shi ya sa a birnin New York za ka ga 'yan farantan ƙarfe a daɓen gaban wasu gine-gine, an rubuta cewa wurin mallakar wani ne, wucewa da izini ne.

Ina muke, na uku ko? Abin da za a rubuta. Lokaci ya ja, zan yi sauri. Sunanka da nasa, da zanen gefen da ka ba shi, a kafa turaku a ɗauki hoto. A faɗi abin da zai yi a wurin da wanda ba zai yi ba. Gini da bulo, haƙa rijiya, dasa itatuwa masu daɗewa, duk a hana sai da sabon izini a rubuce, don wanda ya dasa bishiya yana ganin ya dasa kansa ne. A sa wa'adi, shekara ɗaya ta isa, a riƙa sabuntawa. A rubuta cewa aro ne, kana iya karɓa bayan sanarwar wata kaza, kuma ba zai ba wani ba. Idan shuka ce, ka bar shi ya girbe, kada ka zama azzalumi. Shaidu biyu. Makulli kuwa, kai ma ka riƙe naka, kuma ka riƙa shiga ana ganinka. Batun kuɗi a yi hattara: a 1985 kotun Ingila ta ce idan ka ba mutum wuri shi kaɗai, na wani lokaci, yana biya, to haya ce ko da wane suna ka sa wa takardar, shi kuma ɗan haya fitar da shi ba wasa ba ne.

Na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce mahaifinsu ne ya ba maƙwabci aron fili da baki, shekara takwas ke nan, ya rasu, Allah ya jiƙansa, yanzu suna jin nauyin kai wa dattijo takarda.

Hajiya, wannan nauyin na san shi, kuma alamar tarbiyya ce. Amma ki duba, mutum biyu ne suka san maganar nan, ɗaya ya tafi. Ranar da na biyun ya bi shi, 'ya'yansa abin da suka buɗe ido suka gani kawai za su faɗa, cewa nan gonar babansu ce, kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba. Kada ku aika masa lauya, kada ku fara da takarda. Babban yayanku ya je da mutum biyu da dattijon ke ganin girmansu, a gaisa, a ce Baba, abin da mahaifinmu ya ba ka aro muna so ka ci gaba da amfani da shi, sai dai muna so a rubuta don yaranmu da naka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, tsakanin muminai kuwa. Idan ya sa hannu, ya amsa da kansa cewa filin naku ne. Idan ya ƙi, to kun san inda kuke tun yanzu, a shekara ta takwas, sai ku nemi lauya a makon nan. Ku tafi da kwafi biyu da biro, ɗaya ku bar masa. Na huɗun sai wani zaman, an ɗaga mini hannu lokaci ya cika.