Sanyin Al'ula: mun zo bikin Tantora

Assalamu alaikum jama'a, na gida da na waje. Ku yi haƙuri da rawar da kyamara ke yi, yatsuna ne suka ƙage. Yau daga Al'ula nake gaishe ku, arewa da Madina, tafiyar wajen awa huɗu a mota. Duk wanda ya ce muku Saudiyya zafi ce kawai, ku ce ya zo nan ƙarshen Disamba bayan Magariba. Ga ni cikin farwa, rigar sanyin nan mai gashi ta Larabawa, Kawu ne ya ara mini, amma haƙorana ba su daina haɗuwa ba.

Abin da ya kawo mu bikin hunturu ne na Tantora, wanda aka fara a Disambar 2018, kuma ake yi duk shekara. Kafin in nuna muku fitilu da taron jama'a, ku matso ku ga mai bikin da kanta. Kun ga ɗan ginin lakan nan mai tsini a kan katanga? Ita ce Tantora. Agogon rana ne. A da, manoman garin inuwarta suke bi, idan ta kai inda suka yi wa alama, wajen 21 ko 22 ga Disamba, to Marba'aniyya ta shigo, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, lokacin shuka ya yi. Da ita kuma ake raba ruwan idon ruwa tsakanin masu gonaki, kowa ya san sa'arsa, ba mai cin rabon wani. Yawancin 'yan yawon buɗe ido wucewa suke yi su ɗauki hoto su tafi, ni kuwa nan na fi daɗewa a tsaye.

Mu shiga lungu. Tsohon garin nan gidaje wajen 900 ne na tubalin ƙasa, manne da juna, bayansu ya zama ganuwa, da dare a rufe ƙofofi. Wanda ya san cikin birnin Kano zai ji kamar ya taɓa bin hanyar nan. Da bazara mutane kan koma gonakin dabino, da sanyi su dawo gari, har zuwa shekarun 1980 da suka tashi zuwa sababbin gidaje. Ayarin alhazan Sham ma ta nan yake bi.

Ga wata baiwar Allah tana sayar da lemo, yanzu ne kakarsa a nan. Bari in ɓare ɗaya. Kai! Zaƙi har kunne. Kawu shi dabino barni ya saya, ya ce gahawa ba ta tafiya sai da shi.

Ɗazu da rana mun leƙa Maraya, babban ɗakin taron da aka lulluɓe da madubi murabba'in mita 9,740, har ya shiga kundin Guinness. Duwatsu kawai kake gani a jikinsa, sai ka matso ka gane gini ne. A can ake kiɗe-kiɗen manya, tikiti kuwa ba na ɗalibi ba ne, masauki ma haka, mun gaishe shi daga waje. Daga nan Dutsen Giwa za mu, inda aka yi wuraren zama a cikin rairayi ana hura wuta.

Sai maganar gobe. Ina so in kai ku Hijr, wato Mada'in Salih, wurin farko a Saudiyya da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a 2008. Kaburbura fiye da 100 aka sassaƙa a jikin duwatsu, masu bincike sun ce aikin Nabaɗawa ne, wata tsohuwar al'ummar Larabawa. Kawu ya ce, "Ɗana, ƙasar Samudawa ce, kuma ka san Manzon Allah (SAW) ya hana shiga sai da kuka, lokacin da ya bi ta nan zuwa Tabuka." Na ce, "Kawu, ai wa'azi za mu je ɗauka." Ya ce wa'azi da sandar ɗaukar hoto bai taɓa gani ba. Mun dai tsaya a kan zai kai ni bakin ƙofa ya jira a mota. Malamai da ke kallo, ku faɗa mana ra'ayinku kafin Asuba, don da sassafe za mu fita.