Koyarwar Gwaji: Inda Sufabaiza Ke Zaftare Maki a Lesin Not

[Hoto: ƙofar makarantar sakandare da safe, ɗaliban koyarwa na shiga da littattafai a hammata]

Lokacin TP, wato koyarwar gwaji ta ɗaliban koyarwa, ya sake zagayowa, kuma guruf-guruf na WhatsApp sun cika da roƙo iri ɗaya: "Don Allah wa ke da lesin not na aji ɗaya ya turo mana?" Wasu kuma kuka suke yi, wai not ɗinsu shafi uku ne, rubutu tsaf, amma sufabaiza, malamin da makarantarsu ta turo ya duba koyarwarsu, ya zo ya bi shi da jan biro ya yi gaba. To, yau za mu buɗe not ɗin, wato rubutaccen tsarin yadda za ka koyar da darasi, mu ga inda gizo ke saƙa.

Mu ratsa farkon da sauri. Ko NCE (shaidar malanta ta kwalejin ilimi) kake yi ko digirin ilimi, ba ka kammalawa sai ka yi koyarwar gwaji, tsawonta kuma ya danganta da makarantarku. Ka karɓi takardar turawa ka kai wa firinsifal, a haɗa ka da malamin da ke riƙe da darasin. Ranar farko ka roƙi sikim na zangon, wato jerin batutuwan da za a koyar mako-mako, da jadawalin darussa, da littafin da ake koyarwa da shi. Ka kuma tambayi malamin inda ya tsaya, domin sikim na iya cewa mako na biyar, aji kuwa bai fita daga na uku ba. Kullum ka sa hannu a littafin zuwa aiki. Wannan ɓangaren ba ya kayar da kowa.

[Hoto: shafin lesin not, kyamara na gangarowa a hankali]

Ga kan shafin nan. Kwanan wata, aji, darasi, batu, tsawon lokaci, wanda a yawancin sakandarenmu minti 40 ne. Kayan koyarwa, da abin da yara suka riga suka sani. Duk wannan cike gurbi ne.

Tsaya nan. Manufofin darasi. Layuka uku ne ko huɗu, amma su ne idon sufabaiza ke fara sauka a kai.

Darasin kimiyya ne a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, batun yanayin abu guda uku, wato daskararre, ruwa-ruwa da iska. Dubi abin da wannan malamin ya rubuta: "A ƙarshen darasi ɗalibai su fahimci yanayin abu." Da daɗin ji. To, Malam, ta yaya za ka gane sun fahimta? Ka tambaye su "Kun gane?", yara sittin su amsa "Mun gane!" da murya ɗaya, har da na bayan nan da ke gyangyaɗi tun da ka shigo. Fahimta a cikin kai take, kai ba ka ganinta, sufabaiza da ke zaune a benci na ƙarshe ma ba ya ganinta. Haka su "su sani", "su gane", "su yaba". Da Hausa ka rubuta ko da Turanci, ƙa'idar ɗaya ce.

Yanzu dubi gyaran. A ƙarshen darasi ɗalibai su iya ambata yanayin abu guda uku. Su kawo misali biyu na kowanne daga abubuwan gida. Su bayyana abin da ke faruwa da ƙanƙara idan ta ji zafi. Ambata, kawowa, bayyanawa, duk ayyuka ne da yaro zai yi da baki ko da biro kana kallo. Ka lura da adadi kuma: uku, biyu. Da shi za ka san yaro ya cika ko bai cika ba. Wannan shi ne amfanin matakan manufofin koyo na masanin ilimi Benjamin Bloom na 1956 da kuka haddace don jarrabawa, kuka ajiye a ƙofar zaure.

[Hoto: hannu ya ninke shafi, manufofi da tambayoyin ƙarshe sun zo gefe da gefe]

Ga dabarar da mutane da yawa ba su sani ba. Sufabaiza gogagge yakan karanta manufofi, ya tsallake tsakiyar gaba ɗaya, ya faɗa kan tambayoyin aunawa. So yake ya ga ko sun yi daidai. Manufa uku, tambaya aƙalla uku, kowacce tana fuskantar tata. Ka ce su ambata uku? Tambayar farko ita ce "Ambaci yanayin abu guda uku." Idan manufarka misalai ce, amma a ƙarshe ka ce su zana tukunya tana tafasa, ka auna abin da ba ka yi alkawari ba. A nan ne not ɗin aro ke tona asiri: an kwafo manufofi daga wayar wani, tambayoyi daga bayan littafi, ba su taɓa haɗuwa ba.

Shi ya sa shawarata ita ce ka rubuta manufofi, nan take ka rubuta tambayoyinsu, sannan ka cike tsakiyar. Kowane mataki na gabatarwa ya ɗauki manufa ɗaya ya kai ta gida. Abin da ba ya hidima wa wata manufa, komai daɗinsa, cire shi.

Kuma kada ka yi zari. Manufa shida a minti 40 ba ta yiwuwa. Ka lissafa da kanka: minti biyar na shiga batu, wajen ashirin da biyar na gabatarwa, bakwai na aunawa, uku na taƙaitawa da aikin gida. Wannan ma idan an ba ka arba'in ɗin cif ke nan. Darasin bayan asembili ko bayan tara, kafin yara su zauna a share allo, biyar sun tafi. Masu cika manufofi kullum ƙararrawa ce ke katse su ana tsakiyar bayani, aunawar ba a kai gare ta ba, makinta kuma ya bi iska.

[Hoto: kula a buɗe, ruwa ne kawai a ciki]

Af, wannan kuma ƙanƙarar da aka sayo tun bakwai na safe ce don darasin ƙarfe sha biyu. Duk kayan koyarwar da ka rubuta a not dole a gan su a aji, don haka ka duba lokacin darasinka kafin ka zaɓa. Dutse, ruwa a gora da balan-balan da aka hura sun isa su nuna yanayi ukun, ƙanƙarar kuma a sayo ta dab da shiga.

Sauran da sauri. A sa wa not hannu kafin ka shiga aji, ba bayan ka fito ba. Malamin darasi ne ko shugaban sashe, ka tambaya tun makon farko. Sufabaiza ba lallai ya sanar da ranar zuwansa ba, kuma yakan buɗe shafukan baya ya duba kwanan wata. Wajen tambaya, kada ka tsaya kan masu ɗaga hannu uku na gaba. Jefa tambayar tukuna, ka ɗan dakata, sannan ka kira suna daga tsakiya da baya.

Idan ka auna ka ga rabin aji sun kasa manufa ta uku, kada ka ɓoye. Rubuta shi a gurbin sharhi na ƙasan not, ka buɗe darasi na gaba da shi, minti biyar, kafin sabon batu.